Layin Zai Yanke: Nasiha Ga Matasa Masu Kula Da Saba

Ƙannena maza da mata da aka damƙa wa kula da kwamfutocin ofis, ko makaranta, ko asibiti, ko gidan rediyo, akwai wata rana da ke jiran kowannenku. Shugaba zai kira ku ya ce ya ji labarin wata ma'aikata da bayananta suka salwanta, don haka yana so a kwafe duk abin da ke kan saba a ajiye a wani wuri na daban saboda ko-ta-kwana. Zai ƙara da cewa a gama kafin Litinin. Wataƙila sabar tana ɗakin bayan ofishinku ne, ana son tura abin da ke cikinta waje. Wataƙila kuma ta haya ce a wata cibiya a Jamus ko Faransa, ana son janyo kwafinta gida. Ko wanne ne, tsakaninku da biyan buƙata akwai layin intanet ɗin nan da kuka sani, wanda ke gudu da asuba, ya yi nauyi da azahar, ya ɗauke da la'asar ba sallama.

Abu ɗaya nake so ku riƙe tun kafin ku taɓa madannai: layin zai yanke. Kada ku fara aikin bisa fatan cewa yau sabis zai yi muku kara. Ku tsara shi yadda duk lokacin da ya yanke, abin da za ku yi asara bai wuce 'yan mintoci ba. Kuma ba kullum laifin kamfanin da kuke saya wa data ba ne. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Najeriya da Ghana da maƙwabtansu suka shiga wahalar sadarwa, gyaran kuma ya ɗauki makonni. A Oktoban shekarar, yawancin jihohin arewacin Najeriya sun yi fiye da mako guda babu wutar lantarki. Ga masu aikin titi da ke tsinka wayar da aka binne, ga hadari, ga man janareta da ke ƙarewa a hasumiyar sabis. Aikin da zai ɗauki kwana goma ba zai tsallake duk waɗannan lafiya ba.

Ku fara da lissafi, da biro da takarda. Yawancin abin kunyar da ke samun matasa a wannan aiki daga nan yake farawa, domin kamfanonin sadarwa da megabit suke auna gudun layi, fayil kuma da megabait ake auna shi, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Layin da ke ba ku megabit 1 a daƙiƙa, ko da bai tsaya ko sau ɗaya ba, abin da zai kwashe a awa ɗaya megabait 450 ne, a yini da kwana kuma gigabait 10.8. To a ce sabar tana ɗauke da gigabait 300, layinku kuma megabit 2 ne: kwana 14 ke nan, in komai ya tafi daidai. In rabin lokaci ne kawai ake samun wuta da sabis tare, aikin ya zama na wata guda. Ku kuma lura da wace lamba kuke dubawa. Manhajar gwajin gudu tana nuna biyu, ta saukewa da ta ɗorawa, kuma a yawancin layukan gida da na waya ta ɗorawar ce ƙarama nesa ba kusa ba. Mai tura bayanai daga ofis zuwa waje, ƙaramar ce tasa. Ku auna girman kayan da umarnin du, ku duba sauran fili a inda za su sauka da df, ku gwada tura gigabait ɗaya da rana, wani da tsakar dare, ku ga gaskiyar abin da layin ke iyawa. Sannan ku ninka da kuɗin data, wanda a Najeriya ya ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Da wannan lissafin za ku koma wurin shugaba. Na san nauyin da ke kan yaro sabon ɗauka idan zai ce wa babba abin da ya nema ba zai yiwu ba, amma ladabi bai hana faɗin gaskiya. Ku ce, ranka ya daɗe, ga girman kayan, ga ƙarfin layin, ga kwanakin da zai ɗauka, ga kuma kuɗin. Ɓacin ran da zai yi yanzu ya fi sauƙi a kan wanda zai yi bayan mako uku, lokacin da ya gano cewa “an kusa gamawa” da kuke ta faɗa masa ba ta da tushe.

Tambaya ta biyu, wadda da yawa ba sa yi wa kansu: shin dole ne kayan su bi ta layin naku? Idan sabar tana wata cibiya a Turai, inda za a ajiye kwafin kuma wata cibiyar ce, to babu dalilin saukewa zuwa kwamfutarku a Kano ko Maraɗi sannan ku sake ɗorawa. Cibiyoyin suna da layuka masu ƙarfin da ya ninka naku sau ɗaruruwa. Ku shiga sabar ta SSH, ku ba ta umarnin ta tura kai tsaye zuwa ɗayar, layinku ya ɗauki haruffan umarni kawai, abin da ko sabis mai sanda ɗaya zai iya. Aikin wata guda sai ya koma na sa'o'i. Ku dai tambayi ko kamfanin yana cajin kuɗi a kan bayanan da ke fita daga wurinsa, domin manyan kamfanoni da dama suna yi.

Sai dai a nan akwai tarko. Idan kuka shiga saba ta SSH kuka tayar da aiki, aikin a ɗaure yake da zaman naku. Da zarar layin ya katse, tsarin Linux zai aika wa aikin siginar da ake kira SIGHUP, ma'ana mai shi ya tafi, shi kuma ya mutu nan take. Ku dawo da safe da murna, ku tarar tun ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya tsaya. Maganin tsoho ne, ya girme yawancinku. Manhajar screen tana nan tun 1987, tmux kuma tun 2007. Ku buɗe ɗaya daga cikinsu a kan sabar, ku tayar da aikin a ciki. Layi ya yanke, batir ya mutu, a sace wayar ma, aikin yana can yana tafiya. In kun dawo ku ce tmux attach, ku same shi inda ya kai. Wanda layinsa ke yawan tsinkewa ya nemi mosh, wadda aka fitar daga jami'ar MIT a 2012 domin irin wannan matsala: tana riƙe zama ko da an sauya daga wayfai zuwa datar waya. Kuma duk sanda kuka dawo bayan yankewa, ku duba ko aikin farko yana raye kafin ku tayar da na biyu. Ayyuka biyu suna rubutu a wuri ɗaya, suna rabon siririn layi ɗaya, ɓarna ce kawai.

To idan ba makawa sai kayan sun bi ta layin mai rauni fa? A nan ne zaɓen kayan aiki ke raba gwani da ɗan koyo. Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne a dunƙule komai a fayil guda ƙato, a tura da scp, ko a ja shi da linzami daga taga zuwa taga. Wannan kamar mai ɗebo ruwan gida gaba ɗaya ne a tulu guda: in ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa, sai ya koma rijiya daga farko. Umarnin scp bai san ci gaba daga inda aka tsaya ba. Kashi 97 cikin ɗari da sifili duk ɗaya ne a wurinsa.

Ku koyi rsync, ku koye shi da kyau. Andrew Tridgell da Paul Mackerras ne suka fitar da shi a 1996 a Ostareliya, zamanin da layukan duniya ma suke kamar namu na yau ko ƙasa da haka, shi ya sa aka gina shi bisa rowar kowane bait. Yana duba abin da ke nan da abin da ke can, ya tsallake fayilolin da suka riga suka isa. Idan kuma fayil ya ɗan canza, sai ɓangaren da ke da tsohon kwafi ya yanka shi gutsi-gutsi, ya lissafa wa kowane gutsire lambar tantancewa, ya aika lambobin. Ɗaya ɓangaren ya gwada su da nasa, ya turo abin da ya bambanta kaɗai. Saboda haka in kuka sake ba da umarnin bayan yankewa, ba ya maimaita aikin jiya.

Amma yana da halayen da ya kamata ku sani. In ba ku gaya masa ba, idan layi ya yanke yana tsakiyar fayil, goge guntun yake yi. Ku sa masa --partial ya ajiye guntun, ko ma --partial-dir, wanda na fi so, domin yana ɓoye rabin fayil a wata folda ta daban, kada wani ya gan shi da sunansa na gaskiya ya ɗauka cikakke ne. Ku sa --timeout, domin mataccen layi ba kullum yake sanar da mutuwarsa ba, sai aikin ya yi tsaye sa'o'i yana jiran amsar da ba za ta zo ba. Sannan ku rubuta ɗan gajeren umarni mai zagayawa: in rsync ya faɗi, a jira minti ɗaya, a sake tayar da shi, har sai ya gama lafiya. Wannan yana buƙatar shiga da mabuɗin SSH maimakon kalmar sirri, tunda ba wanda zai zauna ƙarfe uku na dare yana buga ta. Ku kuma sa ya riƙa rubuta rahoton abin da ya faru a fayil, ku riƙa karantawa, domin ba kowace faɗuwa ce ta layi ba. In faifan da ke karɓa ne ya cika, zagayen zai yi ta maimaitawa har gari ya waye ba a ƙaru da komai ba.

Matse bayanai da -z yana taimakawa ga rubutu da rumbun bayanai, amma hotuna da bidiyo da sauti a matse suke tun asali, ɓata lokaci ne. Shi kuwa --delete, ku ji tsoronsa. Yana goge duk abin da ke wurin ajiya wanda babu shi a tushe, kuma in kuka juya tushe da wurin ajiya bisa kuskure, ko kuka nuna masa folda marar komai, zai yi muku aikin da gaskiya da riƙon amana, ya share komai. Ko 'yar karkatacciyar sandar da ke ƙarshen sunan folda tana sauya inda kaya za su sauka. Ku fara gwadawa da -n, wanda ke nuna abin da zai yi ba tare da ya yi ba.

In fayil ɗaya ne ƙato, kuma inda za ku tura ba ya karɓar rsync, ku yanka shi da split zuwa guntaye na megabait 500 ko ƙasa, ku lissafa wa kowanne lambar sha256sum, ku tura ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya lalace a hanya shi kaɗai za a sake. Ku dai tabbatar akwai filin da guntayen za su zauna, domin cika faifan saba mai aiki yana iya tsayar da ita, ku je neman kariya ku jawo gobara.

Yanzu ga abin da na fi so ku tsaya a kai, domin ba na fasaha ba ne, na hankali ne. Ba duk gigabait 300 ɗin nan ne darajarsu ɗaya ba. In kuka bincika za ku tarar abin da ma'aikatar ba za ta rayu ba sai da shi ɗan kaɗan ne: rumbun bayanan ɗalibai ko marasa lafiya, lissafin kuɗi, takardun yarjejeniya, fayilolin saitin sabar. Sau da yawa duk waɗannan ba su kai gigabait biyar ba. Sauran kuwa hotunan taro ne, da bidiyon walima, da tsofaffin rahotannin na'ura, da manhajojin da za a iya sake saukewa a ko'ina. Wanda ya ce wa rsync kwashe komai, zai bi jerin sunaye ne, ya yi kwana tara yana jidar hotuna alhali rumbun bayanan bai ko motsa ba. In faifan sabar ya mutu a rana ta goma, me za ku nuna? Ku zauna da mutanen ofis ku tambaye su: in gobe komai ya ƙone, me za ku fara nema? Abin da suka faɗa shi zai tafi a daren farko. Abin da ba wanda ya tuna da shi ya jira, wani ma a cire shi daga jerin gaba ɗaya.

Shi rumbun bayanan kuma ba a kwafe fayilolinsa yana cikin aiki. MySQL ko PostgreSQL suna rubutu a wurare da yawa lokaci guda. In kwafin ya ɗauki sa'o'i, farkonsa na safe ne, ƙarshensa na yamma, ba za su haɗu su ba da ma'ana ba. Ku fitar da shi da mysqldump ko pg_dump a kan sabar kanta, abin da ke ɗaukar mintoci, sannan ku tura abin da ya fito.

Ku tuna kuma ba ku kaɗai ke amfani da layin ba. In kuka cika hanyar ɗorawa maƙil, har saukewa sai ta tsaya, akanta ya kasa tura kuɗi, taron bidiyon shugaba ya riƙa sarƙewa, daga nan wani ya je ya zare waya, kuma yana da gaskiya. Da --bwlimit za ku rage gudu da rana, ku sake shi da dare. Daren ma sai kun tabbatar inbata za ta riƙe rauta da kwamfuta har asuba, kuma kun hana kwamfutar yin barci da kanta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani lokaci kuwa lissafin zai nuna muku cewa layin ba hanya ba ce sam. A Satumban 2009 wani kamfani a Afirka ta Kudu ya ɗaura wa tattabara mai suna Winston katin ajiya mai gigabait 4, ya sake ta daga Howick zuwa yankin Durban, a daidai lokacin kuma ya fara tura bayanan ta layin ADSL. Cikin sa'o'i biyu da 'yan mintoci tattabarar ta isa har an sauke abin da ta kawo, layin kuwa kashi 4 cikin ɗari ya tura. An yi dariya, amma manya ma haka suke yi. Masanan da suka fitar da hoton farko na baƙin ramin sararin samaniya a Afrilun 2019, a jirgin sama suka yi jigilar faya-fayan bayanansu zuwa Amurka da Jamus, domin yawansu ya fi ƙarfin intanet. Faifai mai terabait 2 da ya bar Kano da safe ya kwana a Abuja ya yi aikin layi mai megabit 185 a daƙiƙa. Saboda haka in kuna iya kaiwa ga na'urorin biyu da ƙafarku, ku kai kwafin farko a faifai, daga baya layin ya riƙa ɗaukar canjin kullum, wanda ba shi da yawa. Sharaɗin shi ne ku kulle faifan da LUKS ko VeraCrypt kafin ya fita ƙofa. Sunayen marasa lafiya da lambobin asusun mutane ba saƙon da za a miƙa wa direba a tasha a buɗe ba ne. Amana ce, kuma a Najeriya akwai dokar kare bayanan jama'a tun Yunin 2023.

Kwafi irin na madubi, wanda rsync ke yi in an sa masa --delete, yana da rauni guda: in an goge fayil yau, ko ɓarayin intanet sun kulle shi suna neman fansa, gobe ɓarnar za ta bi ta hau kan kwafin. Manhajoji irin su BorgBackup da restic suna ajiye tarihi, na jiya daban, na makon jiya daban, ba tare da maimaita abin da bai canza ba, suna kulle komai tun kafin ya bar sabar, kuma suna jure yankewa. Mabuɗin da suka ba ku, ku rubuta shi a takarda, ku ba wa wani babba amintacce kwafi. In ya ɓata tare da sabar, ajiyar ta zama tarin shirme da ba mai iya buɗewa.

Ranar da allon ya nuna an gama, aikin bai ƙare ba. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniya a kamfanin GitLab, cikin dare da gajiya, ya goge kusan gigabait 300 na rumbun bayanansu bisa zaton yana kan wata sabar ce daban. Suna da hanyoyin ajiya har biyar, amma da aka juya gare su ba wadda ta biya buƙata yadda aka zata. Ɗaya ta daɗe tana faɗuwa a ɓoye saboda pg_dump ɗin da ake amfani da shi bai dace da sigar rumbun ba, saƙonnin gargaɗin kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin sa'o'i shida kafin nan, dawo da shi kuma ya ci musu kusan sa'o'i 18 saboda jinkirin faifai. Ƙwararru ne, da kuɗi, da layi mai ƙarfi. Haka a ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, wasu masu hulɗa da shi suka gano cewa ajiyar tasu a harabar da ta ƙone take. Shi ya sa masu sana'ar ke cewa kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gari.

Kuma ku tuna hanyar da ta ɗauki kwana 14 wajen tafiya ita ce za a bi wajen dawowa. In duk ajiyarku tana ƙetare, ranar da sabar ofis ta mutu ma'aikata za su zauna kwanaki suna kallonku. Ku riƙe kwafi ɗaya a kusa, a faifan da ba ya haɗe da na'ura kullum, na nesa kuma ya zama na ranar gobara ko sata.

Saboda haka, ƙannena, kafin ku je ku ce wa shugaba an gama, ku sami wata kwamfuta daban, ku janyo rumbun bayanan daga ajiyar, ku ɗora shi, ku nemi sunan ɗalibin da aka yi wa rajista jiya ko rasit ɗin da aka yanka shekaranjiya, ku gani da idonku. Ku rubuta matakan da kuka bi a takarda ɗaya, da harshen da wanda zai gaje ku zai fahimta, ku sa ranar gwaji na gaba a kalanda. Allah ya yi muku jagora, ya sa albarka a sana'arku.